Rigar ruwa ta fam 40 a hanyar Seven Sisters: ta tare ruwan sama amma zufa ta gagare ta

Masu tambaya wai sai an sayi rigar ruwa mai tsada kafin a shiga tafiyar ƙafa ta bakin teku a Ingila, ni dai amsata a'a ce, amma da sharaɗi. Tawa a wani babban shagon kayan wasanni na saye ta a Landan, wajen fam 40, irin marar nauyin nan da ake naɗewa a cusa a jaka. Na wannan farashin duk kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke, dan haka manta da sunan kamfani, abu biyu za ka duba. Na farko lambar milimita da ke jikin takardarta, tawa 10,000 aka rubuta, ma'ana sai an tsayar da ruwa mai tsayin mita 10 a bututu a kan yadin kafin ya fara yoyo. Na biyu ka juya cikinta ka ga ko an bi duk ɗinkin da tef, dan ta ramin allura ruwa ke fara shigowa, in babu tef ɗin nan ka ajiye musu kayansu ko da kyauta ce.

Inda na gwada ta kuwa ba wajen wasa ba ne. Daga Seaford zuwa Eastbourne a kudancin Ingila, ta kan tsaunukan farin alli da ake kira Seven Sisters, tafiyar ta haura kilomita 20 kuma hawa da sauka ne ba hutu, ka hau tudu ka gangara ka sake hawa har gwiwa ta fara magana. Jirgin ƙasa muka hau daga tashar Victoria muka canza a Lewes. Muna fita daga Seaford aka fara yayyafi, kuma ruwan nan ba irin na damunar Kano ba ne da zai zuba kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke, shi wannan siriri ne ba ya tsayawa kuma iskar teku ce ke kwaso shi ta watsa maka a gefen fuska. Wani cikinmu ya zo da laima, tun kafin mu sauka Cuckmere Haven iska ta juye ta, ƙarshenta a jaka ta ƙarasa tafiyar.

Gaskiya a nan rigar ta burge ni. Ruwa taruwa yake a kanta ƙwaya ƙwaya ya gangara, kafaɗa inda madaurin jaka ke dannawa ma bai ratsa ba. Hular tana da igiyar ɗaurewa a baya da gefe, wannan ƙaramin abu shi ne rabin kuɗin rigar wallahi, dan hular da ba ta ɗauruwa iska tuɓe maka ita take yi duk bayan taku goma. A Cuckmere ɗin nan kogi ne ya raba hanya, ba gada a bakin teku sai ka bi gefen kogin ka shiga ciki har gadar Exceat sannan ka dawo, ga taɓo ga santsi, duk wannan zagayen cikin ruwa muka yi shi amma ƙirjina a bushe.

Matsalar ta fara ne da muka kama hawa na gaske. Rigar ta hana ruwa shiga, to haka ma ta hana zufa fita, babu zif a hammata da za ka buɗe iska ta shiga, kafin mu kai Birling Gap bayana ya jiƙe sharkaf har na ɗauka yoyo take, sai da na tuɓe a wajen shan shayin da ke can na ga ashe gumina ne. Nan ne masu Gore-Tex, wani yadin rigar ruwa mai tsada, ke cin kuɗinsu, yadinsu na barin tururin jiki ya fita, amma farashin sai ya ninka wannan sau da yawa, ɗalibi ina zai kai. Dabarar ita ce kar ka sa rigar auduga a ciki, auduga in ta sha zufa ba ta bushewa sai ta koma sanyi a jikinka, sa irin ta 'yan ƙwallo. Kuma rigar a ƙugu ta tsaya, duk ruwan da ta tare cinya take sauke wa. Mai wandon jins a cikinmu ya ji jiki ranar, Allah sarki, tafiya yake kamar an ɗaura masa buhu. Aljihunta ma ban yarda da shi ba, wayata a leda na ƙulle ta.

Wani abu da ba ruwansa da riga amma sai na faɗa, kar ka matsa bakin tsaunin dan hoto. Allin nan zaizayewa yake yana ruftawa ba sallama, balle in ya sha ruwa. Belle Tout, tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa da za ka wuce bayan Birling Gap, a 1999 sai da aka ja ta baya mita 17 gaba ɗayanta saboda bakin ya ci ya kusa iso ta. Gaba kaɗan ga Beachy Head mai tsayin mita 162, babu tsaunin alli na bakin teku da ya kai shi a Birtaniya, ranar hazo ya rufe mu ko wata hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari da ke ƙasa da ƙyar muke hangowa. A can iska ta fi ko'ina ƙarfi kuma rigar ta tare ta sosai, ban ji sanyi ya ratsa ni ba duk da jiƙar bayan.

In goma ce zan ba ta bakwai. Ga mai fita jefi jefi ta isa, ka haɗa da wandon ruwa na ɗorawa a sama da takalmi mai ƙwarin ƙasa, kambas ba zai kai ka ba a kan jiƙaƙƙen alli. In za ka wanke ta kar ka zuba maganin laushin kaya, yana kashe abin da aka shafa mata mai sa ruwa ya gangare. Wanda kuma ya gaji a hanya, bas mai lamba 12 na bi ta Exceat tsakanin Brighton da Eastbourne.