Wanne za ka fara saya wa ɗanka makaho: Perkins, allo ko waya?

Iyaye a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara da suka sa 'ya'yansu masu lalurar gani a makaranta, tambayarsu kusan ɗaya ce: kuɗi kaɗan ne a hannu, me za a fara saya? Ni dai in da hali, Perkins nake cewa.

Perkins tafireta ce ta ƙarfe, wadda wata makarantar makafi a Amurka ta fito da ita a 1951. Maɓallai shida gare ta, kowanne na ɗigo guda cikin ɗigo shida na Braille, rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, sai na ba da tazara, na komawa baya da na sauka layi. Ba ruwanta da caji, kuma duk mai zama inda ake wuni ba wuta ya san darajar haka. Abin da ya fi burge ni shi ne yaro na rubutu daga hagu zuwa dama, ɗigon na tasowa sama, nan take ya ɗora yatsa ya ji abin da ya rubuta. A darasin lissafi ake ganin amfanin wannan: ya jera lambobi, ya koma layin sama ya duba, ya ci gaba, ba tare da ya cire takarda ba. Tana da nauyi, kusan kilo 5, tana da ƙara a aji, ga tsada. Amma in ana rufe ta saboda ƙurar hunturu, ana kai ta gyara a kan kari, shekaru za ta yi tana aiki.

Allon Braille da ƙusarsa na da araha, aljihu ma ya ɗauke su, kowane ɗalibi ya mallaka. Sai dai daga dama ake hudawa, sai an juya takarda a karanta, ƙaramin yaro kuwa na shan wahalar hakan.

Waya mai manhajar TalkBack tana karanta wa yaro abin da ke kan fuskarta da murya, amma wanda ya dogara da kunne kaɗai zai iya shan wahalar haɗa baƙaƙen kalma. A bar ta sai sakandare. Orbit Reader 20, na'urar lantarki mai fito da ɗigon Braille, ita ma a bar ta sai sakandare, ga caji, ga tsoron ƙura.

Inda ake cutar mutane shi ne wurin saye. Wani dillali ya sayar wa yayata Perkins ta gwanjo da aka wanke aka ce sabuwa ce. Ɗigo biyu ba sa fitowa sosai, ɗanta ya yi ta rikita baƙaƙe, har aka fara cewa ba ya ganewa, alhali na'urar ce. Don haka kada ka biya sai ka je da malami makaho ko ɗalibin da ya iya Braille. Ya danna maɓallai shidan lokaci guda, ya cika layi har ƙararrawa ta kaɗa, ya shafa ya ji ko ɗigon sun yi daidai. A duba ko tana riƙe takarda ba ta zamewa. Wanda ya ce ba a gwadawa sai an biya, bar masa kayansa. Ka kuma lura da tambarin wata ƙungiya da aka kankare a jiki, don akwai masu karkatar da kayan tallafi zuwa kasuwa. Shi ya sa yana da kyau ka fara tuntuɓar makarantar da ƙungiyar makafi ta jiha.

Takarda ma ana ha'inci a kanta. Ta Braille kauri gare ta. In aka ba ka sirirya, ɗigon za su kwanta tun kafin jarrabawa ta zo.

In kuma kwamfuta ka saya, manhajar NVDA, mai karanta wa makaho rubutun kwamfuta da murya, kyauta ce, kada wani ya karɓi ko sisi da sunan sayar maka da ita. JAWS ita ce ta kuɗi, kuma wadda ba ta da lasisi minti 40 take yi ta tsaya sai an sake kunna kwamfutar. Ka zauna a shagon ka gwada ta fiye da haka kafin ka miƙa kuɗinka.