Kududdufi ko Bututun Gilashi: Wanne Za Ka Saya Don Noman Gansakuka?

Gansakukar da muke kankarewa a jikin randa tana da dangi ƙanana da sai da madubin likita ake ganin ƙwayarsu. Su ake nomawa domin su zuƙe iskar kabon dayoksaid, wadda ke fita da hayaƙi da numfashinmu, a kuma tatsi mai daga jikinsu. Kilo ɗaya na busasshiyar gansakuka yakan cinye kusan kilo 1.8 na wannan iska. Amma kafin ka zuba jari, sai ka zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu.

Ta farko kududdufi ne buɗaɗɗe, mai zurfin santimita 20 zuwa 30, an zagaye shi kamar filin sukuwa, fanka tana tura ruwan kada ya kwanta. Ginin ba wuya, gyaransa ma haka. Matsalarsa ita ce komai yana faɗawa ciki: ƙura, ƙwari, da baƙin iri da kan mamaye wanda ka zuba. Rana tana ƙafar da ruwan, wani kaso na iskar kabon da ka hura wa gansakukar yana tserewa sama. Ruwan kuma tsararo ne, lita guda da ƙyar ta ba da rabin giram, don haka raba gansakukar da ruwa shi ke cin kuɗi fiye da yadda ake zato.

Ta biyu bututu ne na gilashi ko roba, a rufe ruf. A garin Klötze na Jamus akwai gonar da tsawon bututunta ya kai kilomita 500, ana noman irin Chlorella. Amfanin yana da kauri da tsabta, sai dai tsadar ta ninka. Inda rana ke ƙuna, ruwan ciki yakan ɗauki zafi har ya kashe shukar, sai an yi ta sanyaya shi, ga wankin bututu da fitar da iskar oksijin da ke taruwa.

Iri ma abin dubawa ne. Spirulina, wadda matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na yankin Kanem a Chadi suna busarwa su yi dihe, wato busasshen curi da ake sawa a miya, tana jin daɗin kududdufi, domin kanwar na korar mata kishiyoyi. Amma abinci ce, man da ke jikinta kaɗan ne. Mai neman mai ya duba Nannochloropsis, wadda ke son ruwan gishiri.

Ni dai idan man fetur ko dizal kake nufi, kududdufi zan ce ka ɗauka, kuma ka fara da ƙarami. Amurka ta yi bincike a kan wannan daga 1978 zuwa 1996, ta ga buɗaɗɗen tafki ne ke da fatan biyan kuɗinsa. Ko kamfanin mai na ExxonMobil, bayan shekaru yana zuba kuɗi a binciken man gansakuka, a 2023 aka ji ya janye. Bututu ya fi dacewa da mai sayar da ƙarin abinci ko abincin kifi mai daraja.

Duk wanda ya kawo maka farashi, tambaye shi ko da injin tace ruwa da na busarwa a ciki, da kuma inda iskar kabon za ta fito. Idan babu masana'anta mai hayaƙi a kusa, sai dai ka saye ta a silinda.