Wata goma da manhajar ERP a shagonmu na Singa

Kayan masarufi muke sayarwa a Kasuwar Singa da ke Kano, kuma sari muke bayarwa: taliya, madara, sukari, man girki, sabulu. Shago ɗaya ne, sai sito biyu, ɗaya a cikin kasuwa, ɗaya a Sharaɗa. Tun tasowata lissafin wurin nan a littattafai uku yake, na shigowar kaya, na ciniki, sai na bashi wanda Baba ba ya yarda kowa ya taɓa. Abin da bai shiga littafi ba kuwa yana kansa.

Tashin farashin da ya biyo bayan sakin naira, wato barin kasuwa ta yanke darajarta, a watan Yunin 2023 ne ya tayar mini da hankali. Sai mu sayar da katan ɗari, mu ga kamar an ci riba, mu koma kamfani da kuɗin a ba mu tamanin da 'yan kai. Ga ciniki ana yi, ga uwar kuɗi tana narkewa, kuma babu mai iya nuna maka ta inda take zurarewa. Na daɗe ina lallaɓa Baba kafin ya amince a kawo kwamfuta shagon.

Ita wannan ERP ɗin manhaja ce guda da ke haɗa sito, ciniki, saro kaya, bashi, albashi da lissafin kuɗi wuri ɗaya. Yaro na buga rasit na katan goma, nan take goman za ta fita daga lissafin sito, kuɗin ya shiga asusu, ko ya hau kan sunan wanda ya karɓi bashi. A da sai manyan kamfanoni ke iya ɗaukar irinta, wato manhajoji irin su SAP ta Jamus. Yanzu akwai Odoo ta Beljiyam da ERPNext ta Indiya, masu nau'in da ake saukewa kyauta, sai dai ka biya mai kafa maka da mai koya wa yaranka. Ba zan faɗi wadda muka ɗauka ba, kar a ce talla aka ba ni.

Kafin a fara sai an ƙirga duk abin da ke sito, ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku muka yi ni da ƙanena da 'yan dako huɗu. A rana ta biyu, da aka janye buhunan sukari daga jikin bango a siton Sharaɗa, sai ga katan goma sha huɗu na madarar gwangwani, ƙura ta rufe su, wa'adinsu ya wuce da wata biyar. Ba sata aka yi ba. Sabon kaya ne ake ta jibgewa a gaba, tsohon yana kwance a baya. Baba ya ɗauki gwangwani ɗaya ya juya gindinsa, ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba. Yanzu duk kayan da ya shigo da ranar lalacewarsa ake shigar da shi, saura wata biyu manhajar za ta nuna, mu karya farashi mu fitar.

Inda na fi jin daɗinta shi ne farashi. Tana nuna nawa kowane katan ya tsaya mana har da kuɗin mota da na dako, don haka in kamfani ya ƙara kuɗi da safe, kafin azahar mun gyara namu a shago da sito gaba ɗaya. Harajin VAT na kashi 7.5 ma ita ke lissafawa, da zarar ka ware mata kayan da yake hawa kansu da waɗanda doka ta cire. Ga batun alat na bogi: ba a sakin kaya sai an haɗa taransifa da rasit ɗinta.

Bashi ne ya so ya haɗa ni da Baba. Muna da abokan ciniki daga Gumel, Haɗejiya, har Maraɗi da Damagaram, waɗanda da baki kawai ake loda musu mota. Na ce, "Baba, a bari in shigar da shi tukuna." Ya ce, "Kai, mutumin nan tun ba a haife ka ba nake ba shi kaya." Daga baya muka daidaita, shi zai bayar yadda ya saba, ni kuma in shigar kafin mota ta tashi. Da jerin masu bashi ya fito, kowa da kwanakin da ya ɗauka, sai muka ga baƙin nan ba su da matsala. Bashin da ya fi daɗewa na dangi ne da abokai na cikin gari. Wannan takardar dai ban nuna wa kowa a gida ba.

To, akwai ciwon kai. Wanda ya kafa mana yana karɓar cikon kuɗinsa wayarsa ta daina shiga, sai da muka nemo wani. Ya saita komai a katan, alhali mu muna sayar da rabin katan da dozin, wata guda lissafi yana karo da juna kafin a gyara. Komai da Turanci yake, yaran da bokonsu bai yi nisa ba sun sha wuya, ɗaya ma ya ajiye aikin, wai an daina yarda da shi. Sabis kan ɗauke a kasuwa daidai lokacin da layi ya cika, sai a koma biro da takarda, da yamma a zauna shigarwa. Wuta kuwa sai da muka sa sola da inbata. Kuma in aka bar ciniki ɗaya ba a shigar ba, duk abin da za ta nuna maka ƙarya ne.

Mai tireda ko ɗan ƙaramin kanti, ban ga abin da zai kai shi ba, littafi ya ishe shi. Amma wanda ke da sito fiye da ɗaya, da yara, da masu karɓar bashi, ina ganin kuɗinsa zai fito, in har zai jure watanni ukun farko.

Littafin bashin Baba yana nan a durowa, kullum bayan la'asar sai ya ce in karanto masa nawa ya gwada da nasa. Shekaranjiya muka sami bambancin naira dubu huɗu, aka bi diddigi, ashe nasa ne daidai. Ni ne na manta ban shigar da kuɗin 'yan dako ba.