Sharhi Kan Gyaran Eriyar Tashar NDB a Bauchi

Wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi da ke Bauchi ya duba mana tashar NDB, wato tashar rediyo da ke nuna wa matuƙan jirgin sama alƙibla, bayan nisan da siginarta ke kaiwa ya ragu da rani. Ba su gaggauta ƙara wa na'urar watsawa ƙarfi ba, kuma hakan daidai ne. A kan kilohaz 300, wato zangon da tashar ke watsa siginarta, tsawon igiyar rediyo mita 1,000 ne, eriyar kuwa gajeriya ce, saboda haka ƙarfi mai yawa yakan salwanta idan wayoyin tagullar da aka binne a gindinta suka tsinke. Nan suka tona, suka haɗa wayoyin, suka goge ƙurar hunturu, sannan suka sake daidaita eriyar. Aikin ya yi kyau, sai dai rahotonsu ya makara.