Falmaran na hawan babur: fatar doki ko ta saniya?

Ɗan'uwa, ka ce an nuna maka falmaran biyu na hawan babur, ɗaya na fatar doki ɗaya na fatar saniya, na dokin ya fi tsada nesa ba kusa ba, kana tambaya ko ƙarin kuɗin yana da dalili, da kuma yadda ake gane mai kyau. A ganina fatar doki mai kyau ta ci kuɗinta, amma sunan dabbar kaɗai ba ya sa falmaran ya yi nagarta. Fatar saniya da ta sami jima mai kyau da ɗinki mai kyau ta fi fatar dokin da aka yi wa aikin gaggawa.

Fara da taɓawa. Zaruruwan fatar doki a matse suke, fuskarta na da santsi da ɗan sheƙi, sabuwarta kuma tauri gare ta. Wani falmaran ɗin mai kauri idan ka ajiye shi a kan tebur sai ya tsaya da kansa. Ta saniya ta fi laushi tun ranar farko, tana saki ta bi jiki. Wannan bambancin ya shafi awo kai tsaye. Na dokin da ya matse maka ƙirji ranar saye zai yi laushi daga baya, amma da wuya ya buɗe, don haka kada mai sayarwa ya ce maka "ai zai saki" ka yarda. Na saniya kan ba da ɗan sarari, wani lokaci ma fiye da yadda kake so, har bakin aljihu ya soma rataya. Tsufansu ma ba iri ɗaya ba ne. Doki yana yin manyan lanƙwasa masu ƙyalli a inda jiki ke naɗewa, saniya kuwa ƙananan tamoji take yi ko'ina. Mafi yawan masu biyan kuɗin doki wannan tsufan suke saye.

Maganar cewa doki ya ninka saniya ƙarfi idan aka gurzu a kwalta, kada ka sa ta a lissafi. Kayan da ƙwararrun 'yan tseren babur ke sawa akasari na fatar saniya ne ko ta kangaru.

Tsadar kuwa daga ƙaranci ta fito. Lokacin da kamfanin Schott na New York ya fito da rigar babur ta Perfecto a 1928, da lokacin da sojojin saman Amurka suka tsayar da rigar A-2 ta matuƙan jirgi a 1931, fatar doki abu ce gama-gari, saboda dawaki ne ke noma da jan kaya. Da tarakta da mota suka karɓi aikin sai fatar ta yi wuya. Yanzu daga mayankar ƙasashe kaɗan take fitowa, Amurka ma tun 2007 aka rufe mayankar dawaki na ƙarshe da take da su. Ga shi abin da ake ɗinkawa a jikin doki bai kai faɗin na saniya ba, ga tabon cizo da na shinge, sai mai yanka ya yi ta kauce wa wurare.

Ba kuma duk jikin dokin ake yin tufa da shi ba. Gaba, wato daga wuya da kafaɗu zuwa tsakiyar baya, shi ake so, kuma shi ne ma'anar haruffan FQHH da za ka gani a wasu tambura. Kuturi wani abu ne dabam: daga can ake ciro fatar kodoban ta takalma da walat, wadda majemar Horween ta Chicago ke ɗaukar aƙalla wata shida tana aikinta. Duk wanda ya ce maka falmaran ɗinsa na kodoban ne, ka riƙe kuɗinka.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne jima, domin ita ce ke raba fata da fata fiye da jinsin dabba. Jimar kurom, ta sinadari, cikin kwana ɗaya ko biyu ake gama ta. Fatar tana fitowa da laushi, tana jure ruwa da zafi, launinta ba ya cika sauyawa. Jimar ɓawon itace kan ɗauki makonni zuwa watanni a cikin rami. Fatar tana fitowa da tauri da ƙamshi, tana ɗaukar siffar jikin mai ita, launinta na ƙara zurfi da rana da gumi, amma ruwan sama kan bar mata tabo, idan kuma ta jiƙe ta bushe da sauri sai ta ƙandare. Majemar Shinki Hikaku da ke Himeji a Japan da irin wannan ta yi suna, kuma fatar doki ce sana'arta. Horween kuwa, wadda aka kafa a 1905, tana da Chromexcel, inda ake fara jima da kurom, a maimaita da ta itace, sannan a ɗura wa fatar mai da kaki. Nauyi gare ta, amma tana shan wahala ba ta nuna ba. Idan kullum kana kan hanya, rani da damina, ɗauki ta kurom ko wannan haɗin. Idan hawan naka na nishaɗi ne kuma kana da haƙurin jiran fata ta yi kyau, ta itace ce taka. Mai sayarwa da ya kasa faɗa maka majemar da fatarsa ta fito, to yawanci babu abin alfahari a wurin.

Kauri a taƙaice: ana auna shi da oza, kowace oza kusan milimita 0.4 ce. Oza 3, wato wajen milimita 1.2, ta wadatar. Ƙasa da milimita 1 kayan ado ne da iska za ta yi ta kaɗawa. Idan fatar doki ta haura milimita 1.4 kuma, za ka daɗe kuna kokawa kafin ta miƙa wuya.

Sai aikin baduku. Juya bayan ka gani: falle ɗaya ya fi, musamman idan za ka ɗinka baji, kuma a fatar doki alama ce ta cewa ba a yi rowar kaya ba. Duba gefen da aka yanka. Idan fuskar ta yi kama da leda da aka manna a kan wani abu, ko kuma ta yi sumul babu ramin gashi babu ko tabo ɗaya, an kankare ta an shafe da fenti, ko ƙasan fatar ne aka yi wa ado. Ɗan tabo a fatar doki ba aibi ba ne. Zif ya zama na ƙarfe, irin na kamfanin YKK ko Talon, maɓallai kuma su kasance a rufe ko a inda ba za su karce maka tanki ba. Ka gwada shi a zaune, hannuwa a miƙe kamar ka riƙe kan babur, da irin rigar da za ka riƙa sawa a ciki. Gaba kada ya tokare maka cinya ya turo wuya sama, baya kada ya ɗage, hammata kada ta ci nama.

Akwai abin da duka biyun ba za su yi maka ba. Falmaran ba shi da hannu, kafaɗa da gwiwar hannu kuwa suna cikin wuraren da suka fi saurin taɓa ƙasa idan an faɗi. Yana tare iska a ƙirji, yana kare gadon baya daga gurzuwa, iyakarsa ke nan. A Turai kayan kariya na babur suna ɗauke da shaidar EN 17092, mai matakai irin su AAA, AA da A, allon kare baya kuma EN 1621-2, mataki na 1 ko na 2, na biyun ya fi shanye bugu. Falmaran na gargajiya da wuya ya kasance da ko ɗaya. Idan tafiyar mai nisa ce ko mai gudu, sa shi a kan riga mai sulke, ko ka nemi wanda aka yi wa aljihun allo a baya, ka ƙara awo kaɗan saboda shi.

Wajen kulawa doki bai cika son mai ba, musamman wanda aka ɗura wa kaki tun a majema. Shekarar farko tsumma mai ɗan danshi da buroshi mai laushi sun isa. Idan ruwa ya dake shi, rataye shi a inuwa a kan marataya mai faɗin kafaɗa ya bushe da kansa, nesa da wuta. Kada ka kulle shi a leda, fumfuna zai yi.