Kamfanin da ke riƙe mana lissafi a Gwarinpa, Abuja

Wata takwas ke nan da na miƙa wa wani ƙaramin kamfani lissafin cibiyarmu ta gyaran ɗabi'a, inda muke ganin yara masu galahanga da masu jinkirin magana. Kafin nan ni ce akanta, ni ce sakatariya, ni ce mai bin iyaye bashi a WhatsApp da daddare.

Kamfani uku na zauna da su, tambaya ɗaya na yi musu: ina za ku ajiye fayil ɗin yaro, wa zai iya buɗewa? Biyu suka shiga kame-kame. A na ukun wata matashiya ta juyo mini kwamfutarta ta nuna mini: mai lissafi lamba kawai yake gani, ba sunan yaro balle abin da ke damunsa. Ita ta fara kawo zancen Dokar Kare Bayanai ta 2023, muka sa hannu a yarjejeniyar sirri. A aikinmu, uwa ta ji labarin ɗanta a bakin maƙwabciya, ba za ki sake ganin ƙeyarta ba.

Albashin mutum shida da takardun shekara na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, suna fita a kan kari. Saƙon tuni da suke tura wa iyaye ya rage mana fashi sosai.

Sai dai da Turanci kawai saƙon yake fita, alhali yara da yawa kakanni ke kawo su. Tun azumi nake roƙon na Hausa, kullum amsar "Hajiya, a ƙara haƙuri." Ranar Asabar kuma, da muka fi cika, samunsu a waya sai an taki sa'a.