Wata uku ina koyon salon Jon Lord: abin da na gani a darussan da na saya

Shekara tara ke nan ina buga fiyano a wani sutudiyo a Kaduna, yawanci waƙoƙin biki. Hannuna ya saba da hanya ɗaya, har ta kai kafin mawaƙi ya buɗe baki na san inda yatsuna za su sauka. Wannan ya sa na biya kuɗin wasu darussan bidiyo na intanet da ke koyar da salon Jon Lord, mai kiɗan ogan na ƙungiyar Deep Purple ta Ingila. Yau wata uku ke nan, kuma ina ganin ya dace in faɗa wa 'yan'uwa makaɗa abin da na tarar.

Malamin bai fara da waƙa ba, da tarihin mutumin ya fara, kuma da farko na ƙosa. Daga baya na gane hikimarsa. An haifi Lord a garin Leicester a 1941, tun yana ƙaramin yaro aka sa shi koyon fiyano irin na gargajiyar Turai, na su Bach. Da ya tafi Landan ma wasan kwaikwayo ya je karanta, kiɗa ya janye shi. Ya yi zama a wata ƙungiya, The Artwoods, kafin a 1968 su kafa Deep Purple da Ritchie Blackmore mai jita da Ian Paice mai ganga. Wanda bai san wannan tushe ba zai ɗauka hayaniya ce kawai yake yi. Ashe ƙarƙashin hayaniyar akwai horo na shekaru.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na sautin ogan ɗin kansa. Hammond, wato irin ogan ɗin lantarki da Lord ke kaɗawa, ba ta aiki kamar fiyanon da muka sani. Ko ka danna maɓalli a hankali ko ka doke shi, ƙarar ɗaya ce. Da ƙafa ake ƙara murya ko rage ta, launin sautin kuma yana hannun wasu 'yan sanduna tara da ake ja ko a tura. Yawancin masu Hammond suna haɗa ta da lasifikar Leslie mai juyawa, wadda ke sa sauti ya yi ta kaɗawa. Lord kuwa ya ɗauki ogan ɗinsa ya jona ta da amfilifayar Marshall, irin ta masu jita, har muryarta ta dushe ta koma gurnani. Dalilinsa a fili yake: Blackmore na gefe da jitarsa, in bai yi haka ba, ƙarar jitar za ta binne shi. Daren da na fara gwada wannan a manhajar kwamfutar sutudiyo, na danna maɓalli biyu kacal da hannun hagu, ƙasa-ƙasa, sai na ji tebur yana rawa, ruwan da ke cikin kofi yana karkarwa. Yaron da ke mana aikin haɗa sauti ya leƙo yana tambaya, "Oga, jitar wa aka kawo?"

Sai wahala ta biyo baya. Gudun yatsun da Lord yake yi a waƙar Deep Purple mai suna Highway Star, malamin ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya rage saurinsa, ya kafa kyamara a saman hannunsa. Mako biyu na yi a kan layi huɗu. Ƙaramin yatsana na dama, wanda kusan ba na amfani da shi a kiɗanmu, shi ya fi shan wuya. A nan kuɗina ya biya ni.

Inda darussan suka gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Bidiyoyin suna da nauyi, ba a kuma yarda ka sauke su a waya, don haka data ta yi ta zuba. Na aika tambaya sau biyu, har yau shiru.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka tsallake rabin rayuwar mutumin. An ambaci cewa Deep Purple ta watse a 1976, ya shiga ƙungiyar Whitesnake a 1978, 'yan Deep Purple suka sake haɗuwa a 1984, shi ke nan. Amma ai wannan ne mutumin da a watan Satumba na 1969 ya tsayar da ƙungiyar rock tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turai a zauren Royal Albert Hall na Landan, marubucin kiɗa Malcolm Arnold yana jagorantar makaɗan. Takardun kiɗan suka ɓace, wani ɗan ƙasar Holan, Marco de Goeij, ya zauna yana saurare yana kallon bidiyo har ya sake rubuta su, aka maimaita wasan a 1999. A 2002 Lord ya bar ƙungiyar da ya kafa da hannunsa, Don Airey ya gaje shi, shi kuma ya koma rubuta irin kiɗan da ya tashi a cikinsa, har ya rasu ranar 16 ga Yuli, 2012, yana da shekara 71, bayan fama da ciwon daji. Wannan duk da kaina na nemo. Ko darasi ɗaya ya kamata a ba shi.

Ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa, darussan sun cancanci kuɗinsu. Sabon shiga ya dakata tukuna. Ni dai jiya na saka wancan gurnani na hannun hagu a ƙarƙashin wata waƙar amarya, mawaƙiyar ta saurara sau biyu ta ce a bar shi.